Yadda Za Ki Tsara Makon Karatu a Ƙananan Azuzuwan Firamare

Malama, idan aka tashi makaranta ranar Alhamis aka tambaye ki me yaranki suka iya yau wanda ba su iya ba ranar Litinin, ya kamata amsar ta kasance a bakinki, kuma gajera. "Suna karanta kalmar da ke da harafin k." Ko kuma, "Suna iya ware goma da ɗai-ɗai a cikin sha uku." Idan amsar ita ce an gama darasi na biyar a cikin sikim, wato jadawalin darussan zango, to labarin abin da kika yi ne kika bayar, abin da yaro ya iya kuwa har yanzu ba a san shi ba. A kan wannan jagoran nan ya tsaya: buri ƙarami guda biyu a mako, ɗaya na karatu ɗaya na lissafi, waɗanda za ki iya gwadawa a kan kowane yaro kafin mako ya ƙare. Waƙa da wasa da tatsuniya da zane duk suna da gurbi, amma hidimar waɗannan biyun suke yi.

Da malama nake magana saboda yawancin waɗanda na sani suna riƙe da aji ɗaya zuwa uku a cikin garin Kaduna mata ne. Malam ma ya ɗauka da shi ake. Misalan da zan kawo na aji ɗaya ne a zango na biyu, lokacin da yara suka saba da makaranta, sun daina kukan safe. Mai aji biyu ko uku sai ta ɗaga nauyin abin, tsarin bai canja ba.

Aikin da ake yi kafin Litinin

Ki fara da ƙirga kwanakin da kike da su da gaske. A watan Janairun 2022 gwamnatin jihar Kaduna ta umarci makarantunta su koma aikin kwana huɗu a mako, makarantu masu zaman kansu kuwa da yawa sun ci gaba da kwana biyar. Ko a inda ake buɗewa ranar Juma'a, rana ce gajera saboda masallaci. Don haka ki tsara makonki ya kammala ranar Alhamis. Idan kina da Juma'a, riba ce.

Sai ki buɗe sikim ɗin da aka ba ki. Manhajar ƙasa daga hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, take fitowa, ta biyo ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, har ta iso teburin shugaban makaranta. Wanda ya rubuta ta bai san ajinki ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, alhali a unguwanni masu cunkoso irin su Rigasa da Tudun Wada aji kan ninka haka, wani ma ya wuce ninki. Saboda haka sikim zai gaya miki hanyar da za a bi, ke ce za ki yanke iyakar tafiyar mako guda. Ki ɗauki abin da ke gabanki ki rage shi har ya zama jimla ɗaya da ta fara da "yaro zai iya". A makon misalinmu ga su: yaro zai iya karanta da rubuta kalmomi masu gaɓa biyu da ke da harafin k, yaro zai iya nuna lamba daga 11 zuwa 20 da ɗaurin goma da ɗai-ɗai.

Bayan haka ki zaɓi jigo ɗaya da zai ɗaure makon, abin da yaran ke gani kullum. Mu ɗauki kasuwa. Babu yaron da ke zaune a Kaduna da bai san kasuwa ba, ko ta Kawo ce, ko Kasuwar Barci, ko 'yar ta bakin layinsu, wasu ma daga makaranta talla suke wucewa. Jigo yana rage miki wahala, domin tatsuniyar Laraba da lissafin Talata da Turancin kowace rana duk daga rijiya ɗaya za ki ɗebo su.

Kayan aiki kuwa ba sai an jira gwamnati ba. Ranar Alhamis ɗin da ta gabata ki ce kowane yaro ya zo da murfin kwalbar lemo goma, ko tsinken tsintsiya ashirin. Ki nemi kwalin taliya ko na sabulu wurin mai shago, ki yanka shi kamar faɗin tafin hannu, ki rubuta gaɓa ɗaya a kowane yanki da babban rubutu: ka, ke, ki, ko, ku, tare da gaɓoɓin da aka riga aka koya. Ki tanadi robar ɗaure kuɗi ko zare, da gwangwanayen madara ko na tumatir guda uku, da 'yan ƙwayoyin wake. Duk shirin makon ki rubuta shi a shafi ɗaya na littafinki. Cikakken tsarin darasin da shugaban makaranta ke sa wa hannu ki rubuta shi yadda aka saba, amma wannan shafin naki ne, shi za ki riƙa leƙawa a tsakiyar aji.

Yadda kowace rana take tafiya

Ƙaramin yaro yana samun natsuwa idan ya san abin da zai biyo baya, don haka jerin abubuwan rana kada ya riƙa sauyawa. Bayan taron safe da taken ƙasa, a shigo aji a gaisa, a kira rajista. Ki mai da kiran rajista darasi: wanda aka kira ya amsa da kalmar da ta fara da sautin makon. Sai a faɗi ranar mako da kwanan wata da yanayin gari, ko hazo ne na hunturu ko hadari ya haɗo. Wannan duka kada ya wuce minti goma.

Karatu da lissafi ki sa su kafin a fita tara, lokacin da kai yake sabo. Bayan tara, musamman a watan Maris da Afrilu da rufin kwano ke ɗaukar zafi, ba lokacin sabon abu mai wuya ba ne. Nan ne wurin tatsuniya da zane da wasa da kimiyya. Kuma kowane darasi ki karya shi gida uku. Ki yi su gani, ku yi tare, sannan su yi da kansu kina zagayawa. Kashi na ukun nan shi aka fi tsallakewa, shi ne kuma inda koyo yake faruwa. Yaro ɗan shekara shida ba ya iya zama yana saurare fiye da kamar minti goma, bayan nan sai dai jikinsa ya zauna.

Litinin: sabon sauti

Kada ki fara da sabon abu kai tsaye. Hutun ƙarshen mako, balle na kwana uku, yana goge abubuwa da yawa. Ki ɗaga katunan haruffan da aka sani, a ce wasulan nan biyar, a, e, i, o, u, da baƙaƙe irin su b, m, n, s, t, su faɗi sautinsu da sauri. Minti biyar ya isa.

Sannan ki shigo da sabon sautin ta kunne kafin ido. Ki ce, "Ku saurara: kifi, kaza, kabewa, kuka. Wane sauti kuke ji a farko?" Ki bar su su lalubo shi. Sai ki jero kalmomi a gauraye, duk wadda ta fara da sautin su tafa, wadda ba ta fara da shi ba su naɗe hannu. A nan za ki ga masu tafawa don sun ji da masu tafawa don sun ga na kusa ya tafa. Ki lura da na biyun, su ne aikinki na makon.

Yanzu ki rubuta k babba a allo kina faɗin yadda hannunki ke tafiya: tsaye daga sama zuwa ƙasa, sai a shigo, sai a fita. Su rubuta a iska da yatsa, su rubuta a bayan na gabansu, in akwai fili ku fita su rubuta a ƙasa da tsinke. Sai a ƙarshe a ɗauki fensir. Sautin harafin za ki koya musu, ba sunansa na Turanci ba. Yaron da aka koya wa cewa wannan "ke" ne, wancan "e" ne, idan ya ga ka sai ya rasa yadda zai haɗa su.

Daga nan a aura wa baƙin wasali: ka, ke, ki, ko, ku. Wannan ita ce babbar sa'ar mai koyar da karatu da Hausa, domin rubutunmu na boko kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, kuma yawancin kalmominmu gaɓa-gaɓa ne na baƙi da wasali. Da zarar yaro ya kama ka da ki, ya kuma san ba da ta tun makon jiya, to baki da taki suna hannunsa. Ki kira yara biyu gaban aji, ɗaya ya riƙe katin ba, ɗaya ya riƙe ki, su tsaya nesa da juna. Aji ya karanta kowanne daban. Su matso kaɗan, a sake karantawa da ɗan sauri. Su haɗa kafaɗa, aji ya ce baki. Ki tambaya, "Ina bakinku?" su nuna. Tambayar nan tana da muhimmanci, don yaro ya gane tun ranar farko cewa abin da ya karanta yana nufin wani abu da ya sani. Haka za a yi da kaka, koko, kuka, biki, kuma.

Hanyar da muka gada ta malama ta faɗa aji ya amsa da ƙarfi tana da daɗin ji daga waje, har mai wucewa ya ce ana karatu. Amma cikin yara saba'in, goma ne ke kallon allo, sauran muryar goman suke bi. Ba na cewa a daina amsa-kuwwa gaba ɗaya, tana ɗaga wa mai jin kunya murya. Sai dai bayan kowace amsar taro ki nuna layi ɗaya, sannan benci ɗaya, sannan yaro ɗaya, kuma kada ki bi jerin allo daga sama zuwa ƙasa. Ki tsallaka nan da can, don wanda ya haddace jerin ya koma kallon harafin.

Kafin a tashi ranar Litinin ku shuka waken nan. Gwangwani ɗaya a bakin taga ana ba shi ruwa, ɗaya a bakin taga ba ruwa, ɗaya a cikin kwali a rufe ana ba shi ruwa. Ki tambaye su wanne suke zaton zai fito, ki rubuta zatonsu a gefen allo, kada ki gyara wa kowa.

Talata: goma da ɗai-ɗai

Karatu ya ci gaba da minti talatin ɗinsa: maimaicin gaɓoɓin jiya, sabbin kalmomi uku ko huɗu, sai jimla ta farko, "Kaka ta ba Musa koko." Babu harafi ɗaya a cikinta da ba su sani ba, kuma haka ya kamata kowace jimlar karatu ta kasance a wannan matakin. Ki tambaya wa ya ba da koko, wa aka ba. Amma nauyin ranar Talata na lissafi ne.

Yara da yawa suna ƙirga ɗaya zuwa ɗari kamar waƙa, amma ki ajiye murfi goma sha huɗu ki ce su ba ki adadin, sai hannu ya riga baki ko baki ya riga hannu. Don haka a fara da taɓawa. Ki zaunar da su bibbiyu, kowane biyu da tsinke ashirin. Su ƙirga goma suna ɗaga kowane tsinke suna ajiye shi gefe, sannan su ɗaure goman da roba. Wannan ɗauri ɗaya ne, sunansa goma. Ki ce su ajiye tsinke ɗaya kusa da shi. Nawa ke nan? Goma sha ɗaya. A ƙara ɗaya. Goma sha biyu. Harshenmu da kansa yana faɗin abin da ke kan benci, goma ga ta, biyu ga su. Idan aka kai goma sha tara aka ƙara ɗaya, ɗai-ɗai sun cika goma, sai a ɗaure su, ɗauri biyu ya zama ashirin. Ki bar su su kwance su sake ɗaurewa sau da yawa. Wannan ɗaurewar ita ce asalin abin da za su yi a aji biyu in an zo tarawa mai ɗauke da saura, kwancewar kuma ita ce aron da ake yi a ɗebewa. Yaron da bai taɓa yi da hannunsa ba zai haddace ƙa'idar ne kawai, ya manta ta a hutu.

Sai yanzu a je allo. Ki ja layi biyu, ki rubuta "goma" a kan na hagu, "ɗai-ɗai" a kan na dama. Ɗauri ɗaya da tsinke uku: 1 a hagu, 3 a dama, 13. Za ki samu masu rubuta 31. Kada ki ce ba daidai ba ne ki wuce. Ki ce ya ɗauko miki abin da ya rubuta, ɗauri uku da tsinke ɗaya, ya ajiye kusa da sha ukun, ya ga bambancin da idonsa. Gani ya kori ji.

Sunayen lambobi na Turanci ki kawo su bayan an fahimci abin da Hausa. Na sha uku da na talatin a Turanci kusan sauti ɗaya ne a kunnen yaro, haka na sha huɗu da na arba'in, kuma rikicin da yawa daga nan yake tasowa, ba daga lissafin kansa ba.

Maganar Turanci

Iyaye za su tambaye ki, wasu da zafi, don me ba a yi wa 'ya'yansu komai da Turanci. Damuwarsu gaskiya ce, da Turanci za a rubuta jarrabawar gaba. Tsarin ilimi na ƙasa da aka fara fitarwa a 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, daga baya a koma Turanci, kuma gwamnati ta sha sauya matsayi a kan batun. Ki bi umarnin da makarantarki take kai. Ra'ayina dai shi ne, ko da wane harshe aka ce a koyar, ba a hana malama ta tabbatar yaro ya gane ba, kuma dabarar haɗa sauti ya zama kalma sau ɗaya ake koyonta a rayuwa. Wanda ya iya ta da harshen da yake ji zai ɗauke ta ya kai Turanci.

Ki ba Turanci lokacinsa kowace rana, akasari da baki: gaisuwa, umarni irin na tashi da zama da buɗe littafi suna aikatawa, sunayen kayan kasuwa kina ɗaga tumatir da albasa na gaske, da tambayar farashi. Wurare biyu ki sa musu ido. Harafin c a Hausa sautin farkon "ciki" yake bayarwa, a Turanci kuwa wani lokaci k ne wani lokaci s. Sannan p babu shi a jerin haruffan Hausa, shi ya sa yaranmu ke musanya shi da f. Ki sa su riƙe 'yar takarda a gaban leɓe, p na sa ta yi tsalle sau ɗaya, f kuma iska ce mai tsawo da haƙori a kan leɓen ƙasa.

Kada kuma ki manta Kaduna gari ne na kowa. A ajinki akwai mai yin Gbagyi a gida, da mai Fulatanci, da mai Jju ko Tyap, da Bayarabe da Banufe, musamman in makarantarki tana wajen Kakuri ko Sabon Tasha. Yawancinsu suna jin Hausar wasa, amma wani ba ya jin ta sosai, sai ya yi shiru a ɗauka rashin ƙoƙari ne. Ki tambaye shi yadda ake cewa kifi a gidansu, aji ya maimaita bayansa. Yaron da aka koyi abu daga bakinsa yakan buɗe baki gobe.

Laraba: tatsuniya da kasuwar aji

"Ga ta nan, ga ta nanku." Da sun amsa "Ta zo mu ji ta", kin samu natsuwar da tsawa ba ta kawowa. Ki zaɓi tatsuniyar da ta taɓa jigon, a ce Gizo ya tafi kasuwa da dabararsa, ko ki ƙaga taki. Ki tsaya a tsakiya ki tambaya me suke zaton zai faru. Bayan ƙurunƙus ki yi tambaya iri biyu: wadda amsarta ke cikin labarin, kamar me Gizo ya saya, da wadda sai an yi tunani, kamar don me Ƙoƙi ta ƙi yarda da shi. Sai yara uku su sake ba da labarin, ɗaya farko, ɗaya tsakiya, ɗaya ƙarshe. Wannan ba cike lokaci ba ne. Yaron da ba ya iya bin zaren labari da kunne, ranar da ya iya haɗa haruffa ma zai karanta shafi ya rasa abin da ya ce.

Su zana abin da suka fi so a labarin, su rubuta kalma ɗaya a ƙarƙashi, ko da harafin farko ne kawai.

Bayan tara a kafa kasuwa. Benci biyu a gaba, a jera kwalayen ashana da na shayi da gwangwanaye da duwatsu a matsayin tumatir. Murfin kwalba ɗaya naira ɗaya, katin kwali mai lamba 10 naira goma. Ki sa farashi tsakanin 11 da 20. Mai saye dole ya biya da kati ɗaya da murafu, mai sayarwa ya ƙirga ya tabbatar. Za su ce miki ai yanzu ba abin da ake sayarwa naira sha biyar, kuma gaskiyarsu ne. Ki ce wannan kasuwar ajinmu ce, mu muke yanka farashi. Abin da za ki gani a nan zai ba ki mamaki: yarinyar da ke shiru a lissafin allo, in tana talla, ita ce za ta fi kowa saurin ba da canji. Lissafin yana kanta, rubuta shi ne ba ta iya ba, kuma daga abin da ta sani za ki ja ta.

In da hali ki nuna musu takardun kuɗi na gaske. Hoton Janar Murtala Muhammad ne a naira ashirin, na Sardauna Ahmadu Bello a naira ɗari biyu, wanda gidan da ya zauna a nan Kaduna shi ne Arewa House a yau. Darasin zaman jama'a ya samu ke nan ba tare da an buɗe wani littafi ba.

Aji mai yara da yawa ba zai yi kasuwa gaba ɗaya a lokaci guda ba. Ki raba su rukuni huɗu: ɗaya a kasuwa, ɗaya suna haɗa kalmomi da katuna, ɗaya suna zane, ɗaya tare da ke, su ne waɗanda kika lura da su tun Litinin. Bayan minti goma a juya. Makon farko za a yi hayaniya, amma in kin naɗa wa kowane rukuni monita kuma kina amfani da alama ɗaya ta juyawa, kamar tafi uku, suna sabawa.

Alhamis: a duba kowa

Ba jarrabawa ba ce, kada ma ki kira ta haka. Ki ba aji aikin kwafar jimlar mako da zane, ki zauna a gefe da katuna, ki riƙa kiran yara ɗaya-ɗaya. Ki nuna harafi biyu, gaɓa biyu, kalma biyu, ɗaya daga cikin kalmomin wadda ba a taɓa rubutawa a allo ba, a ce tuka ko sako, don ki bambanta mai karatu da mai hadda. Sai ki ce ya nuna miki sha shida da tsinke. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa yaro guda. In yaranki sun kai tamanin ba za ki gama a zama ɗaya ba, to ki fara tun Laraba, ko ki duba rabi wannan makon rabi mako mai zuwa, amma masu rauni kowane mako.

A gaban sunan kowa ki sa alama ɗaya cikin uku: yana karanta kalma, ya tsaya a gaɓa, ko bai gane harafin ba tukuna. Takardar nan ita ce za ta rubuta miki shirin mako mai zuwa. In fiye da rabin aji sun karanta kalma, ki ci gaba zuwa ƙ, wanda ya dace ya biyo bayan k don a ji bambancinsu a baki da baƙi, kafa da ƙafa, saka da saƙa, har a yi wasan karya harshe na ƙato da kwaɗo da suka tafi neman ƙoto. In ba su kai rabi ba, ki maimaita makon da sabbin kalmomi da sabon jigo. Na san mai duba makarantu zai iya tambayar don me kike baya a sikim. Ki nuna masa takardar. Gara a makara da mako guda da a kai yaro aji huɗu bai iya karanta sunansa ba.

Rukunin da ke baya kada ki raɗa musu sunan da zai bi su, kada kuma bulala ta shiga tsakaninsu da harafi. Ki ba rukunoni sunan launi ko na 'ya'yan itace, ki riƙa sauya musu mutane. Wanda ya daɗe bai motsa ba ki matso da shi gaba ki gwada ko yana ganin allo, ki yi masa magana daga bayansa a hankali ki ga ko yana ji. Wani yunwa ce, wani ciwon kunne ne da ba a kula da shi ba, wani kuma rajista za ta nuna miki rabin kwanakin ba ya zuwa.

Kafin a tashi a leƙa gwangwanaye. Mai yiwuwa na bakin taga mai ruwa ya fara tsagowa, marar ruwa yana nan yadda aka bar shi. Na cikin kwali shi ma zai fito, amma bayan 'yan kwanaki za su gan shi dogo, siriri, fari-fari. Ku koma ga zaton da aka rubuta ranar Litinin ku gwada, su zana abin da suka gani.

Juma'a da aikin gida

In kuna buɗewa Juma'a, kada ki kawo sabon darasi. A fita fili a zana 'yar gala-gala a rubuta gaɓa a kowane gida, mai tsalle ya karanta inda ya sauka. A yi carafke ana ƙirgawa, a yi langa, a yi kacici-kacici, a duba farce a wanke hannu da sabulu, a share aji.

Aikin gida ya zama kaɗan. Yawancin yaranmu daga boko Islamiyya suke wucewa da yamma, wasu kuma akwai aikin gida na gaske da ke jiransu. Kuma ba kowace uwa ce ke karanta boko ba, ko da tana karanta Alƙur'ani da ajami. Ki ba da aikin da kowane gida zai iya: ka karanta wa Mama kalmomi biyar ɗin nan ta ji, ki tambayi Kaka kacici-kacici ɗaya ki kawo mana, ka ƙirga cokulan gidanku. In kuna da zauren WhatsApp na iyaye, ki tura saƙon murya na minti ɗaya ranar Alhamis, ki faɗi sautin da aka koya da abin da za a zo da shi ranar Litinin. Uwar da ba ta da waya kuma, yayan yaron da ke aji biyar ko shida ya isa ya kai saƙon, shi ne kuma zai zauna da ƙanensa minti goma da katunan da kika ba shi aro.